Makullin Shaton Tungar Aduwa

Duk wanda ya yi karatun injiniya a Tawa cikin shekarun nan, in ka ce masa Attahiru Idrisa sai ya tsaya yana sosa ƙeya, amma da ka ce Mushe Buta, wato Malam Buta, zai bushe da dariya, ya ce, "Kai, wanda ya jiƙa mini takalmi!" Kawu Attahiru ke nan, autan ɗakinsu mahaifiyata. Darasin da yake koyarwa a makarantar fasaha da ke bakin gari shi ake kira otomatik, wato ilimin sa na'ura ta riƙe abu daidai inda ake so, ko zafin murhu ne, ko gudun inji, ko tsayin ruwa cikin tanki, ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba.

Sunan Buta ya samo shi ne daga ranar farko ta kowace shekara. Sauran malamai kan shiga aji da jaka da takardu, shi kuwa sai ya shigo da buta shuɗiya cike da ruwa, da kofin gilashi mai jan zane a tsakiya, da ƙyalle. Ya kira ɗalibi guda, ya ce ya zuba ruwa ya kai zanen. Ɗalibi ya zuba, ya tsaya daidai, yana murmushin wanda aka raina wa wayo. Sai Kawu ya ɗaure masa ido, ya ce ya sake. Ruwa ya malale tebur. Sa'an nan ya kira wani ya tsaya kusa, ya zama idon makahon, in ruwa ya kai zane ya ce "tsaya". Wannan karon abu ya yi kyau. Daga ƙarshe sai ya ce wa mai idon, "Yanzu in ka ga ya kai, ƙirga uku a ranka tukuna ka yi magana." Nan ne ruwa ke sauka kan takalman 'yan layin gaba, aji ya kaure da ihu.

"To," in ji shi, yana goge tebur da hannun rigarsa, "kun gama karatun shekara. Auna, kwatanta da abin da kake so, gyara. In ba ka da ido ka yi ɓarna, in idonka na da jinkiri ka yi ɓarna. Abin da ya rage lissafi ne."

Lissafin da ya rage ɗin kuwa ba na wasa ba ne. Yakan cika allo daga bango zuwa bango, ya goge, ya sake cikawa, har ɗalibai su riƙa cewa da ma butar ce ta dawo.

An haife shi a Tungar Aduwa, wani ƙauye arewa da Takanamat, inda gonakin gero ke ƙarewa, hanyar makiyaya ta soma. Bai kai shekara biyu ba mahaifiyarsu ta rasu, sai babbar yayarsu, Inna Hajaratu, ta goya shi tana 'yar shekara goma sha uku. A bayanta ya san hanyar rijiya. Da aka zo ɗaukar yaran lekol, wato makarantar boko, ita ta wanke shi tas, ta kai shi da kanta, ta ce wa mushen, "Wanga ba ya iya jan guga, ku duba ko kansa na ja." Kansa kuwa ya ja. Ya yi Tawa, ya yi Yamai, ya ƙetare zuwa Aljeriya, ya dawo ya yi shekara tara a ɗakin kula da injuna na wata ma'aikata can arewa. Da zafin wurin da kewar gida suka ishe shi, ya dawo Tawa, ya kama alli.

Matarsa Amina takan ce zama da shi kamar zama da mai awon hatsi ne. In gishiri ya yi yawa a miya ba ya faɗa, sai dai ya tambaya sau nawa ta barbaɗa, ya ce gobe a rage kashi ɗaya cikin huɗu a sake gwadawa. Ran nan ta gaji, ta miƙa masa ludayi. Ya shiga madafa da gaba gaɗi, ya sa gishiri, ya ɗanɗana, ya ƙara ruwa, ya ɗanɗana, ya ƙara gishiri, har tukunyar mutum shida ta koma ta mutum ashirin, aka rarraba wa maƙwabta. Washegari ya kai labarin aji, ya ce ga abin da ke faruwa in gyara ya fi kuskure ƙarfi.

Ita kuwa Inna Hajaratu tana nan Tunga. Da aka haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse, aka kafa pano masu tara wutar rana da pampo da shato, wato tankin ƙarfen nan mai dogayen ƙafafu, sai aka nemi wanda zai riƙe makullin ɗakin pampo. Mijinta ya rasu, gidanta ya fi kusa, aka ba ta. Shekara goma sha huɗu makullin na rataye a wuyanta da igiyar fata. Aikin ya fi yadda ake ganinsa daga nesa. Pampon mai nawa ne, sai ya yi awa biyar kafin ya cika shato. Shaton kuma ya tsufa, in ya daɗe a cike sai haɗin samansa ya riƙa ɗiga, yana sa wa ƙafafun tsatsa, don haka rabi ake barinsa. Rijiyar ma in aka matsa mata wuni guda sai ta soma turo yashi. Inna ta san duk wannan kamar yadda ta san halin awakinta, kuma da makullin aka san ta. Har 'yan yara "Inna mai shato" suke ce mata.

Sai dai Inna na da rauni guda, ba ta iya jin guɗar biki ta zauna. Sau biyu cikin shekara ɗaya ta kunna pampo, ta ce bari ta leƙa gidan suna ta yi barka ta dawo, hira ta yi daɗi, shato ya cika ya tumbatsa. Karo na biyu ya faɗo ranar Juma'a. Malam Jibrilla, shugaban kwamitin ruwa, ya fito cikin farar babbar riga zai tafi masallaci, ya taka taɓon, ƙafa ta kwashe shi, ya zauna daɓas.

Sati bai zagayo ba Malam Jibrilla ya hau mota ya zo Tawa, ya sami Kawu Attahiru, ya ce, "Ɗan gida, an ce yaranka na sa ƙarfe ya yi tunani. Ba su yi muna abin da zai riƙa kunna pampo shi kashe da kanshi?" Kawu ya yi murna, baki har kunne. Ga aikin gaske ga ɗaliban shekarar ƙarshe, ba ganga da robar da ake gwaji da su a labo ba, ga shi kuma garinsu. Ya amsa nan take. Sai daga baya labari ya iso masa cewa Malam Jibrilla ya tara gari ya yanke magana: za a gwada na'ura wata guda, in ta yi, shi ke nan, in ba ta yi ba a nemi mai ƙuruciya. Ko ta wace hanya dai, Hajaratu za ta ba da makulli ta huta.

Kawu ya tafi Tunga ranar Asabar. Inna ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta dama fura, ta ajiye, ta koma gefe.

"Sannu da zuwa, Mushe."

Tun yana goye Atta take ce masa. Ya ajiye ƙwaryar furar.

"Yaya, wallahi ban san da zancen makulli ba."

"Mi na ce? Sha furarka, Mushe. Ni na kai ka lekol da ƙahwata, ai dole in ga amfanin karatu."

Ya koma Tawa. Ya lallashi kansa da cewa tunda makullin zai bar wuyanta ko ta ƙaƙa, gara akwati ya gaje ta da a ce ta miƙa wa ɗan da aka haifa a gabanta.

Ɗalibai biyu ya ba aikin. Hashimu ɗan wani ma'aikaci ne da aka turo Tawa daga Yamai, gwanin lissafi, kuma ya san shi gwani ne. Safi 'yar cikin garin Tawa ce, ba ta da yawan magana, amma ba ta rabuwa da littafi da biro. Cikin Oktoba, da aka koma makaranta, suka je Tunga suka yi sati biyu ƙarƙashin shato, kowace awa suna rubuta yawan ruwan da aka ɗiba. Suka dawo da zane mai kyan gani: ruwa na raguwa da safe in mata sun fito da tuluna, ya ɗan ragu da marece, sauran wuni lafiya lau. Kawu ya duba, ya yaba, ya sa hannu. Suka yi wata huɗu suna lissafi da haɗa wayoyi, suna gwadawa da ganga, har abu ya kankama. A Maris suka kai shi Tunga: akwati toka-toka a bangon ɗakin pampo, da ma'auni cikin shato mai gaya wa akwatin tsayin ruwa. In ya sauka ƙasa da rabi akwati ya tada pampo, in ya kai ya kashe. Aka sa Inna ta yi alkawarin ba za ta taɓa komai ba har wata ya cika.

Sati uku akwati bai yi kuskure ko na ɗigo ba. Ba taɓo, ba yashi. Malam Jibrilla ya riƙa kawo baƙi suna kallo. Inna takan ɗauko kujerarta ta tsuguno ta zauna gindin aduwa, makulli a wuya, tana sauraron pampo yana tashi yana kwanciya ba da izininta ba. Da wata maƙwabciya ta tambaye ta, sai ta ce, "Gaskiya dai, shi ba ya zuwa suna."

Rana ta ashirin da bakwai Kawu ya zo da ɗalibansa da sassafe don su ɗauki awon ƙarshe. Suna cikin buɗe akwati sai ga mata makiyaya sun shigo gari kan jakuna, su tara, da cuku a faifai, da tabarmi da sandunan bukka ɗaure a baya. Inna ta miƙe ta tare su, ta gaisa da ta gaba, wata doguwa mai suna Fatimata, suka yi 'yar magana rabi Hausa rabi Buzanci. Ta sayi cuku biyu, sa'an nan ta nufo ɗakin pampo da sauri.

"Mushe, cika shato. Ka cika basan na ƙasa kuma. Yau garke na tahe."

Basan wani babban kwamin siminti ne a ƙasa, wanda ake bari a bushe don kada ruwa ya yi kore a banza.

Hashimu ya yi murmushi, ya juyo mata da fuskar ordinatar, wato kwamfutarsa. "Inna, kwantar da hankalinki. Na'urar na gani. Ko da yatsa ɗaya ruwa ya ragu, kafin ki ƙifta ido ta tada pampo."

"Tana gani?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ta ga Fatimata?"

"Wace Fatimata?"

Inna ta juya ta dubi ƙanenta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jujjuya abu a ransa. In aka cika shato da hannu, gwajin wata guda ya ɓaci saura kwana uku. Ga zanen Oktoba, sati biyu cur, babu ranar da ruwa ya yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Kuma wata zuciya ta raya masa cewa Yaya dai hanya take nema ta sake taɓa pamponta ko sau ɗaya. Ya tausaya mata, ya sassauta murya.

"Yaya, bari mu ga abin da za ta yi."

"To," in ji ta. "Gani ya kori ji."

Ta juya. Ta bi gida gida tana ce wa mata kowa ta cika tulunta da randarta tun yanzu. Daga nan ta shiga rumbun da take ajiye tarkace, ta jawo tsohon guga na fata da igiyarsa, ta jiƙa shi cikin ruwa don ya yi laushi.

Ana gab da kiran azahar aka fara jin kukan shanu daga arewa. Tabkin da suke sha tun kaka ya ƙafe, makiyaya sun juyo. Jajayen shanu masu dogon ƙaho suka fara isowa, sai tumaki, sai awaki, sai raƙuma a baya suna taku ɗai-ɗai kamar ba su ne ke jin ƙishi ba. Aka buɗe wa kwamin dabbobi ruwa. Akwati ya yi aikinsa, ba a ci zalinsa ba: ruwa na sauka ya tada pampo, ya ba shi ƙarfi har iyaka. Amma abin ya zama kamar mai cika randa da cokali, wasu na kwasa da ƙwarya. Hashimu na tsaye gaban ordinatar yana kallon layin ruwa na gangarowa, yana cewa, "Yanzu zai tsaya. Yanzu zai juya." Awa guda da 'yan mintoci Safi ta ƙwanƙwasa ƙafar shato, ya amsa mata da ƙarar gwangwani. Ko rabin dabbobin ba su sha ba, rana kuma ta soma karkata, pano na rage ƙarfi.

Wani dattijon makiyayi mai baƙin rawani, Sidi, ya matso cikin natsuwa, ya yi sallama, ya tambaya wane ne sabon mai ruwan garin. Malam Jibrilla ya nuna Kawu da haɓa.

Nan Inna ta iso, guga a kafaɗa, igiya na jan ƙasa. Ta sauke gaban ƙanenta.

"Mushe, ga na'urar da."

Tsohuwar rijiya gaba talatin da biyar ce. Makiyaya suka ɗaura igiya ga raƙumi yana ja, Kawu da ɗalibansa suna tarbar guga a baki, suna kai wa kwami suna juyewa. Mutumin da aka kai lekol don ba ya iya jan guga, ga shi yau da furfura a gemu yana ciccibarsa, wando naɗe har gwiwa. Hashimu ya zame cikin taɓo sau biyu, matan gari na ta yi masa sannu da dariya a ciki. Safi ta ajiye littafinta kan dutse, wata akuya ta zo ta cinye shafukan awon Oktoba, ta bar bango. Da Kawu ya gani, sai dariya ta ƙwace masa har ya saki guga. "Ƙyale ta," ya ce, "ita kaɗai ta sami amfaninsu."

Sai la'asar sakaliya dabba ta ƙarshe ta ɗaga kai daga kwami. Malam Jibrilla ya ce a kwance akwati a mayar Tawa, gobe kwamiti zai zauna ya zaɓi wanda za a ba makulli. Kawu ya roƙe shi sati biyu. Malam Jibrilla ya dubi tafin hannun Kawu da ya yi bororo, ya ce don darajar wahalar yau ya ba shi.

Gindin aduwa Kawu ya zaunar da ɗalibansa, ita kuma Inna tana kan kujerarta tana ɓantarar cuku.

"Laifin nawa ne," ya ce. "Ku 'yan birni ne, kun auna abin da kuka tarar. A Oktoba garke na arewa, ciyawa ɗanya, tabkuna cike. Ni da aka haifa nan, na yi wasa tsakanin ƙafafun shanun nan, ni na sa hannu a takarda ban tuna ba." Ya juya. "Yaya, don Allah gaya muna. Ƙaƙa kika sani?"

Ta ɗan ja aji, ta gama tauna, sa'an nan ta ce, "Mata ka riga garke tahiya. Su suna tashi da asuba kan jakkai, maza na biye da dabbobi suna kiwo sannu sannu. In ka ga mace biyu ko uku da cuku kaɗai, kasuwa sunka zo. In ka ga sun kai takwas, da tabarmi da sandunan bukka, to mashekari ne ya tashi, zangon makiyaya gaba ɗaya, rabin wuni garke na bisa kanka. Sai in tambaya matan wa da wa. Na san na Sidi sun hi ɗari biyu, na san na ƙanen mijin Fatimata ba su kai hamsin ba. Sai in kunna tun hantsi, in cika sama, in cika ƙasa. Ba a fafe gora ranar tahiya, Atta."

Bai nuna ya ji sunan ba, amma ya ji shi har cikin ƙashi.

Ya ce wa ɗaliban, "Kun tuna mai idon nan na ranar buta? Kofi kawai yake kallo. Ba ya magana sai ruwa ya motsa, wato sai kuskure ya riga ya faru. Akwatinmu ke nan. Akwai wani babi can ƙarshen littafi, wanda kullum nake yi muku shi a gurguje cikin awa biyu don jarrabawa ta matso: gyara tun kafin kuskure ya iso. Shi kuwa sai da wanda ke kallon ƙofa, ya hango abin da ke tafe. Shekara goma sha huɗu ana yin babin nan a gindin itacen nan."

Hashimu, da taɓo ya bushe masa a kunne, ya ce ai ana iya kafa kamarar ɗaukar hoto a bakin gari ta riƙa ƙirga jakuna.

"Madalla," in ji Inna. "In ta ƙirga, sai ta tambaye su matan wa ne."

Safi ta nemi a bar ta a Tunga kwana uku. Ta sayi sabon littafi, ta kwana ɗakin Inna, ta bi ta ko'ina tana rubutu: ranakun kasuwa, watannin da tabkuna ke ƙafewa, garken wane ya kai nawa, awa nawa raƙumi ke yi a kwami. Hashimu ya koma labo ya sake lissafi daga tushe, wannan karon ba ya waƙa yana yi. Ya fitar da yadda za a cika shato har baki na 'yan awoyi kawai don kada haɗin ya wahala, da yadda za a buɗe wa basan, da hutun da za a riƙa ba rijiya tsakani. Suka ƙara wa akwati maɓalli mai matsayi uku. Tunda Inna ba ta karatun boko, Safi ta zana hoto kan kowane: ɗaki na ranar da ba baƙi, kwando na ranar kasuwa, saniya na ranar garke. Saniyar ta fi kama da kare, amma an gane. Da aka zo batun kada yara su riƙa murɗa shi, Kawu ya ari makullin Inna wuni guda, ya kai wa wani mai gyaran kwaɗo a kasuwar Tawa, aka yi wa maɓallin baki daidai da shi. Inna ta ce wunin nan wuyanta ya yi mata sakayau kamar ta fita ba ɗankwali.

Suka mayar da akwati ana saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Kwana biyu shiru, maɓalli na kan ɗaki. A na uku da hantsi sai ga Fatimata da mata goma sha ɗaya. Inna ta gaisa da su, ta yi tambayoyinta, ta shiga ɗakin pampo, ta sa makulli ta murɗa zuwa saniya. Pampo ya tashi. Ta tsaya ta saurare shi kaɗan, ta gyara mayafi, ta kama hanya.

"Yaya, ina za ki?" in ji Kawu.

"Gidan Isa ana suna. Ba ka ce shina kashe kanshi ba?"

Kawu ya zauna gindin aduwa da ɗalibansa, idonsu na kan shato. Ruwa ya hau, ya wuce rabi, basan ya cika, shato ya kai baki, sai suka ji ƙas, pampo ya yi shiru. Ko ɗigo bai zuba ba. Hashimu ya tashi ya yi tsalle kamar ɗan firamare. Da azahar garke ya iso, ya fi na wancan karo yawa, aka sha, aka ƙoshi, raƙuma suka yi ta jan ruwa yadda suke so, da marece mata suka zo da tuluna suka samu.

Inna ta dawo da goron suna ƙulle a bakin zane, ta tarar da Malam Jibrilla yana zagaya shato yana taka ƙasa da ƙafa, yana neman taɓo bai samu ba.

"To ni yanzu ban gane ba," ya ce. "Wa ya yi aikin ga, ke ko akwati?"

"Ni na ga Fatimata, shi ya tsaya gadi. Ka raba mu ka gani."

Malam Jibrilla ya dubi shato, ya dubi shanun da ke kwance suna tuƙa, ya dubi farar rigarsa. Ya ce, "Riƙe makullinki, Hajaratu." Ta kwance bakin zane ta ba shi goro guda.

A ƙarshen shekara Safi da Hashimu suka tsaya gaban malamai don kare aikinsu. A zanen da suka haska a bango akwai akwatuna da kibiyoyi kamar yadda aka saba, ga pampo, ga shato, ga ma'auni, sai wani akwati a sama da kibiyarsa ta shigo daga gefe, an rubuta Hajaratu a ciki. Wani malami baƙo da ya zo daga Yamai ya gyara tabarau, ya tambaya wane irin ma'auni ne wannan, a ina ake samunsa. Safi ta ce, "Guda ɗaya ce, Mushe, tana Tungar Aduwa, kuma ba ta son a kira ta ranar suna." Kawu ya rufe fuska da takarda. Suka ci da yabo.

Tun daga shekarar babin ƙarshen littafi ya dawo tsakiya, sati uku ake yi a kansa. Butar na nan, sai dai yanzu akwai ƙari: ana cikin zuba ruwa sai wani ɗalibi da aka ɓoye a waje ya faɗo aji da gudu ya kwashe rabin kofin ya shanye, Kawu ya tambaya wa ya kamata ya kalli ƙofa. Kuma kowane Maris yakan cika motar makaranta da 'yan shekara ta biyu ya kai su Tunga. Inna, da ta haura sittin da biyar yanzu, takan zauna kan kujerarta, makulli a wuya, ta sa su jera, ta nuna matan da ke shigowa kan jakuna, ta ce kowa ya faɗi inda za a murɗa, ɗaki, ko kwando, ko saniya. Wanda ya faɗi daidai ta ɓantar masa cuku. Wanda ya kuskure ta nuna masa guga, yana nan rataye a reshen aduwa.

Bara ma Kawu ya tsaya bayan ɗalibai yana ƙirga jakuna a ransa, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Saniya." Mata bakwai ne, amma ba tabarma ko ɗaya.

"Kwando ne, Atta," in ji Inna. "Ɗauko guga."